Koyon Sana'ar Hannu a Ƙasar Zazzau

Tun zamanin da mutanen Zazzau suke zaune a gindin Dutsen Kufena, inda har yau ake ganin burbushin ganuwarsu, sana'a ba ta da wata makaranta face gidan gwani, domin yaro yakan shekara da shekaru yana kwaɓa ƙasa, yana mulmula tubali, yana miƙa azara, kafin ubangidansa ya yarje masa ya fitar da zane a jikin bango. A bisa wannan tafarki aka sami Babban Gwani Mika'ilu, Allah ya jiƙansa, wanda ya ɗaure bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu.

Sa'ad da boko ya kafu, sai ɗaliban kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya a 1958 don haɗa hikimar magabata da ta zamani. Daga bisani, a 1998, Onobrakpeya ya assasa bitar hunturu ta 'yan makonni a Agbarha-Otor, inda ake koyar da sassaƙa. Haƙiƙa bita tana buɗe ido, amma gwaninta sai da juriya da doguwar hidima.