Mutum-mutumin Tangaran na Ingila: Daga Teburin Liyafa Zuwa Gidan Tarihi

Ƙarnoni da dama Turawa na sayen tangaran daga ƙasar Sin ba tare da sanin sirrin haɗa shi ba. Sai a 1710 aka buɗe masana'antar Meissen a Jamus, bayan an gano cewa sirrin yana cikin wani farin yumɓu mai jure wuta mai tsanani. Ingila ta makara. Da yake maƙeranta ba su da wannan yumɓu a hannu, sai suka yi dabara: masana'antar Chelsea, wadda Nicholas Sprimont ya kafa a Landan wajen 1745, ta cuɗa garin gilashi a cikin yumɓunta, ta Bow kuwa ta zuba tokar ƙashi. Tangaran ɗin da ya fito yana da taushi da saurin fashewa, amma launi kan zauna masa daram.

Da farko ba don ajiya aka yi ƙananan mutum-mutumin ba. Attajirai kan jera siffofin makiyaya, makaɗa da tsuntsaye a kan tebur lokacin liyafa, a madadin waɗanda a da ake yi da sukari. Da yayinsu ya wuce, masana'antun suka durƙushe. William Duesbury na Derby ya sayi Chelsea a 1770, aka rufe ta a 1784.

Bayan kusan shekara 80 sha'awarsu ta farfaɗo. Fitacciya a cikin masu tara su ita ce Lady Charlotte Schreiber, wadda a baya ta fassara tsofaffin labaran Mabinogion daga harshen Welsh zuwa Ingilishi. Ita da mijinta Charles sun yi shekaru suna zaga shagunan tsofaffin kaya a Holan, Faransa da Sifaniya, tana rubuta abin da suka saya da kuɗinsa. Da ya rasu a 1884, ta ba da tarin nasu kyauta ga gidan tarihin da yanzu ake kira Victoria and Albert.

Sai dai inda farashi ya tashi, jabu ba ya nisa. Chelsea ta yi ta sauya tambarinta: alwatika, sannan anka mai tudu, jar anka, daga ƙarshe ta zinariya. Kamfanin Samson na Paris, wanda aka kafa a 1845, ya ƙera kwafi masu yawa da suka shiga kasuwa a matsayin na asali. Tambari yana kwaikwayuwa, yumɓu kuwa ba ya ɓoye asalinsa: na Samson mai tauri ne da sheƙi irin na gilashi. Shi ya sa gwani kan fara kifa siffar ya dubi gindinta. A kayan Derby yakan nemi tabo uku marasa ƙyalli, sawun ƙwallayen yumɓun da aka ɗora siffar a kansu lokacin gashi. Wannan tabo, da maƙeri ya ɓoye a ƙasa don kada a gani, yana cikin shaidun da mai saye ke dubawa a yau.