Daga Ganga Zuwa Faifai: Tarihin Birki a Gadarif

Gadarif, a gabashin Sudan, gari ne na dawa da riɗi, kuma mazauni ne ga Hausawa da yawa, waɗanda kakanninsu suka yada zango a can kan hanyar Makka. A tsakiyar shekarun 1940 aka fara noma da injuna a Gadambaliya, kusa da garin. Da amfanin gona ya ƙaru, sai buƙatar motocin ɗaukar kaya ta ƙaru, kanikanci kuwa ya zama sana'a mai daraja.

Babbar motar da ta yi fice ita ce Bedford ta Ingila, wadda mutanen Sudan ke kira sifinja, wato soso. Birkinta na ganga ne, irin wanda Louis Renault ya ƙera a Faransa a 1902: takalma biyu ne a cikin gangar ƙarfe, su buɗe su danne ta daga ciki. Aibinsa shi ne riƙe zafi, domin ganga rufe take, kuma idan ta yi zafi birki kan rage kamawa.

A shekarar 1902 ɗin dai Frederick Lanchester ya yi rajistar birkin faifai a Ingila, amma bai karɓu ba sai bayan da motar Jaguar ta ci tseren Le Mans da shi a 1953. Faifai a fili yake, iska na sanyaya shi. Ya fara da tayoyin gaba, daga bisani ya kai ga na baya.

Wannan sauyi ya sauƙaƙa gyara, har mai mota kan iya yi a ƙofar gidansa, amma ya zo da ƙa'idodinsa. Ana canza takalman gefe biyu tare, don kada mota ta ja gefe guda. Faifan da ya siranta fiye da awon da aka buga a jikinsa, sai a maye gurbinsa. A motoci da dama birkin hannu na haɗe da fistin ɗin baya, saboda haka murza shi ake yi ya koma, ba dannawa ba. Kafin a hau titi kuma, a tattaka birki har ya yi tauri. Wanda ya manta da wannan, takun farko zai nutse ba tare da mota ta tsaya ba.