Daga Labulen Mai Hoto Zuwa Allon Waya

A Nasarawa Burkullu, haka ma a Anka da Gummi da Bukkuyum, da wuya hoton biki ko na Sallah ya bar wayar matashi ba a yi masa kwalliya ba. Cikin kwalliyar akwai wani zane mai nannaɗewa, yana ta haihuwar ƙanana masu kama da shi, har ya haye fuskar mai hoton. Sunansa firaktal, kuma ya girmi wayar nesa ba kusa ba.

Firaktal zane ne da ɗan yankinsa ke kama da gaba ɗayansa. Mu dubi reshen tsamiya: in an sare shi an kafa, sai ka ce ƙaramar bishiya ce. Masanin lissafi Benoit Mandelbrot ne ya raɗa sunan a 1975, yana aiki a kamfanin IBM. Zanen da ke ɗauke da sunansa daga ƙa'ida ɗaya yake fitowa: a ninka lamba da kanta, a ƙara mata wata, a maimaita. Kwamfuta ba ta gajiya da maimaici, shi ya sa ita ta fara fito da shi fili.

Amma hannun mutum ya riga ta. A 1999 Ron Eglash ya wallafa littafin African Fractals, inda ya nuna wannan tsari a gine-gine da saƙa da kitson Afirka, har da fadar Logone-Birni a arewacin Kamaru, mai shinge cikin shinge. Ba kowane adonmu ne firaktal ba. Dagi da aska takwas suna da nasu lissafin. Sai dai idon da ya saba da reshe-reshen lalle a hannun amarya ba zai ga wannan zane baƙo ba.

Zaunar da mutum cikin ado a ɗauke shi hoto ma tsohuwar sana'a ce. A 1948 Seydou Keïta ya buɗe shagon hoto a Bamako, yana rataya yadi mai zane a bayan masu zuwa, zanen tufarsu na gogayya da na labulen. Namu masu hoton sun yi haka da labule mai furanni. A wancan zamani ado na baya, mutum na gaba.

Photoshop ya fito a 1990, a 1994 kuma ya zo da dabarar shimfiɗa hoto bisa hoto. Daga nan ado ya samu hanyar hawa fuska, kuma manhajojin waya irin su PicsArt suka kawo dabarar aljihunmu. Kowane ɗigo na hoto lambobi uku ne, na ja da kore da shuɗi, daga 0 zuwa 255. Manhaja kan ɗebi, misali, kashi 70 daga fuska da 30 daga zane ta haɗa. Muddin aikin na buɗe, ana iya janye zanen. Da an adana shi a matsayin JPEG, shimfiɗun sun narke sun zama ɗaya, WhatsApp kuma ya ƙara matse shi. Raba su daga baya kamar raba fura da nono ne bayan an dama.

A nan ne abin ya shafe mu. A yankin da rashin tsaro ya raba iyalai da gidajensu, wani lokaci hoton da ke waya shi kaɗai ya rage na uba ko ƙane da aka rasa. In wanda ya yi masa kwalliya ya goge na asali don ya samu wuri a waya, jikoki za su gāji zane mai kyau da rabin fuska. Hotunan Keïta har yau ana gane mutanen cikinsu, domin labulen ya tsaya a bayansu. Mu yi adonmu son ranmu, amma kafin mu taɓa hoton, mu kwafi na asali mu ajiye, mu kuma tura wa wani ɗan'uwa.