Hanyar Illela Zuwa Bahar Rum

A zamanin nan, idan damina ta sauka a ƙasarmu, lokacin ne ma'abota wadata na Turai, mutum da maiɗakinsa, sukan shiga manyan jiragen ruwa a Basalona ko Jenowa, su kwana bisa Bahar Rum, gari ya waye musu a wata tasha, su sauka su kewaya kasuwannin Malta ko masallatan Tunis, kafin almuru kuma su koma jirgi. Mutumin Illela da ya ji wannan labari yakan ɗauka tekun nan ba abin da ya haɗa shi da shi, alhali kuwa hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta bi ta Kware da Gwadabawa, ta ratsa garinsu ta faɗa Birnin Ƙonni, reshe ne na tsohuwar hanyar fatauci wadda ƙarshenta yake a bakin wannan teku, a birnin Tarabulus.

Gaskiya ne babbar hanyar ayari daga Kano take tashi, ta bi ta Damagaram da Damargu. Amma mutanen Sakkwato da Gobir ta Adar suke bi, su haɗu da ita a Agadas, kuma ta nan ne Buzayen Kel Geres suke sauko da gishirin Bilma su koma da gero da tufafi. Daga Agadas sai duwatsun Azbin, sai Gat, sai Gadamas ko Murzuk, sa'an nan teku, tafiyar watanni. Kamar yadda jirgi ba ya wuce tasharsa, haka ayari ba ya ƙetare zango, domin a can ake cika salka, a huta da raƙuma, a biya fito ga masu ƙasa, a ji labarin rijiyoyin da ke gaba. Madugu kuwa, wanda amanar rayuka da dukiya take wuyansa, ba ya ba da umurnin tashi sai jagaba ya tabbatar masa da lafiyar hanya.

Abin da ake kai wa arewa sananne ne: jar fatar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna danganta ta ga Maroko saboda ta hannun Larabawan arewa take isa gare su, da baƙin rinin Kura, da hauren giwa, da gashin jimina. Akwai kuma bayi, kuma ba ya halatta ga mai rubuta tarihi ya ɓoye wannan, domin da yawansu ƙishirwa ta halaka su kafin su ga teku. Abin da ke dawowa kuwa alharini ne, da jar dara, da turare, da madubai, da takubba, da kuma abin da ni a ganina ya fi su duka daraja, watau takarda. Takardar nan mai tambarin jinjirin wata uku a Italiya ake yin ta, ta haye teku zuwa Tarabulus, ta hau raƙumi, kuma a kanta malamanmu suka kwafi Alƙur'ani mai girma da littattafan fiƙihu da nahawu da dama daga cikin talifin Shehu Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello. Shehu kansa, Allah ya ƙara masa yarda, ya je Agadas neman ilmi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Baƙi ma daga Tarabulus suka riƙa tasowa: Kilafatan ya iso wurin Sarkin Musulmi Bello a 1824, Barth kuma, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya bar Tarabulus a 1850 ya shiga Kano a 1851.

Rushewar al'amarin ba ta ɗauki lokaci ba. A 1899 rundunar Faransa ta Bule da Shanuwan ta ƙone Birnin Ƙonni. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 suka ja iyaka tsakanin 'yan'uwa, Ƙonni ta faɗa hannun Faransa, gefen Illela kuma ya zauna ga Ingilishi. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, a shekarar kuma Italiya ta auka wa Tarabulus, sai fata da gyaɗa suka juya kudu zuwa Ikko. Illela ta bunƙasa ne da wannan iyaka, da kasuwarta ta ranar Lahadi inda shanu da raƙuman Nijar ke haɗuwa da fataken kudu, shi ya sa rufe iyakar a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ya taɓa tukunyar kowane gida.

Hanyar dai ba ta mutu ba, kayanta ne suka sauya. Yau samari da 'yan mata ne ke ƙetarawa ta Ƙonni da Tawa zuwa Agadas, su hau akori-kura zuwa Libiya, su shiga kwalekwalen roba a tekun da waɗancan ma'aurata ke shaƙatawa a kai, ba madugu mai tsoron Allah, ba mai masaukin da zai amsa tambaya idan wani ya ɓace. Ina roƙon malaman Illela da Ƙonni, da ɗaliban tarihi na jami'o'in Sakkwato, su zauna da dattawan da suka gaji labarin zangon nan daga kakanninsu, su rubuta shi tun suna raye.