Lambun Agodi na Ibadan: tarihinsa, abin da ke ciki, da yadda za a kai iyali a dawo lafiya

Lambun Agodi, wanda aka fi sani da Agodi Gardens, wurin shaƙatawa ne mallakar gwamnatin jihar Oyo da ke tsakiyar birnin Ibadan, ko Badun kamar yadda iyayenmu ke faɗa. Yana kusa da sakatariyar jihar, a gindin tudun Mokola inda otal ɗin Premier yake. Daga Sabo tafiyar 'yan mintuna ce a keke napep ko tasi Micra, na Bodija ma ba nisa. Mutanen Ojoo da Shasha da Akinyele ne dai sai sun ɗan taɓa tafiya.

Kogin Ogunpa, wanda ya ratsa garin, ta wannan yankin ya bi. Shi ya ba wurin sanyi da inuwa da korayen itatuwa, kuma shi ne ya taɓa rusa shi. Duk mai niyyar zuwa da yara ya riƙe wannan a ransa.

Tarihinsa a taƙaice

An kafa lambun a shekarar 1967 a matsayin gidan namun daji da lambun itatuwa. A ranar 31 ga Agustan 1980 aka yi mamakon ruwan da ya sa Ogunpa ya yi ambaliya. Sama da mutum ɗari suka rasu a garin, gidaje da dama suka rushe, ruwa ya tafi da yawancin dabbobin lambun. Daga nan wurin ya daɗe a yashe, ba mai kula da shi yadda ya kamata.

A 2012 gwamnatin marigayi Abiola Ajimobi ta soma gyaransa, aka sake buɗe shi a 2014. Tun daga lokacin ya zama ɗaya daga cikin wuraren da suka fi cika a Ibadan ranakun sallah, kirsimeti da ƙarshen mako.

Me ke ciki?

Akwai tafki da ake hawa ƙananan kwale-kwale a kai, da wuraren ninƙaya masu silalo na yara, da filin wasa, da wuraren sayar da abinci. Akwai kuma fili mai ciyawa ƙarƙashin manyan itatuwa inda iyali za su shimfiɗa tabarma su ci abinci, su yi hira. Ga wanda ya wuni cikin hayaniyar kasuwa ko ƙurar kara, inuwar nan kaɗai ta isa dalilin zuwa.

Sai ɓangaren dabbobi, wanda bai kai gidan zoo na Jami'ar Ibadan girma ba. Idan dabbobi zalla yara ke son gani, can jami'a ya fi. Agodi wurin zama ne da shan iska.

Ana biyan kuɗin shiga a ƙofa. Ninƙaya da kwale-kwale kowanne da nasa kuɗin daban, don haka mai tafiya da yara biyar ko shida ya yi lissafi tun daga gida, ya tambayi farashi kafin yara su sa rai.

Yaushe ya fi dacewa?

Daminar Ibadan doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, da ɗan tsagaitawa a Agusta. Amma fa kada tsagaitawar ta ruɗe ka: ambaliyar 1980 a Agusta ta zo, haka ma ta ranar 26 ga Agustan 2011 da ita ma ta ci rayuka sama da ɗari a garin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin da hankali ya fi kwanciya. Idan da damina za a je, to da an ga hadari ya haɗo a tattara yara a bar bakin ruwa.

Mai son natsuwa ya je ranar aiki da hantsi. Ranakun biki akwai cunkoso da kiɗa mai ƙarfi, kuma wurin ninƙaya maza da mata a haɗe suke. Maigida ya san da haka kafin ya yanke shawarar ɓangaren da iyalinsa za su zauna.

Abin kiyayewa

Yawancin yaranmu da suka tashi a Sabo ba su iya ruwa ba. Kada a bar yaro ya shiga kwale-kwale ba rigar kariya, kada kuma a damƙa ƙanana a hannun yayarsu 'yar shekara goma a koma ana danna waya. A ware babba guda wanda aikinsa kenan, idonsa a kansu.

A ɓangaren dabbobi, ban da zura hannu cikin keji ko tsokana. A 2017 zaki ya kashe ma'aikacin da ke ba shi abinci a wannan lambu. Wanda dabbar ta saba da shi kenan, balle baƙo.

A tafi da tabarma, darduma, buta da ruwan sha, domin azahar ko la'asar za ta iya riskar mutum a can. A nuna wa yara wuri guda da za a haɗu idan wani ya ɓace cikin jama'a.

Sai shara. Toshe hanyar ruwa da bola da gini a bakin kogi na cikin abubuwan da ke ƙara wa ambaliyar Ibadan muni. Ledar fiya wata da robar lemo da aka yar a bakin tafki, ruwa ne zai kwashe su zuwa unguwannin da ke ƙasa, inda mutane ke kwana. A ɗaure su a leda guda a kai kwandon shara kafin a fito.