Birnin Rana: Gidan Cacar Da Aka Gina Da Tatsuniya



Lokacin muna yara a nan Maska, idan kaka ta yi aka fara ɗaukar auduga zuwa Funtuwa, akwai wasu baƙi da ba sa fashin zuwa kasuwa, su ne 'yan wala-wala. Za ka ga mutum ya shimfiɗa ɗan buhu a ƙasa ya jera karta uku, bakinsa kamar an zuba masa zuma. Abin da na lura da shi tun a lokacin, ba da karta yake kama mutane ba, da labari yake kama su: wai jiya wani bawan Allah ya zo da naira ashirin ya tafi da kuɗin keke. Can sai wani ya fito daga cikin taro ya zuba, ya ci, ya yi ta murna, ashe bakinsu ɗaya. Akwai wani ƙanen babanmu, Allah Ya jiƙansa, da ya tsaya kallo da kuɗin audugarsa ta shekara guda a aljihu, ya dawo gida da yamma ko na gishiri babu.

To mai karatu, yau zan ɗauke ka daga kan wannan buhu in kai ka ƙasar Afirka ta Kudu, ka ga yadda aka yi irin wannan sana'a da dutse da siminti da miliyoyin kuɗi. Sunan wurin Sun City, wato Birnin Rana, kuma kamar yadda za ka gani nan gaba, tarihinsa ya taɓo mu har Kaduna.

A zamanin mulkin wariyar launin fata, Turawan da ke riƙe da ƙasar sun yi doka a shekarar 1965 wadda ta haramta caca in ban da ta sukuwar dawaki, domin suna ganin kansu masu riƙo da addini. A ɗaya ɓangaren kuma sun yayyanka wasu yankuna sun tura baƙar fata ciki, suka ce wai ƙasashe ne masu cin gashin kansu. Ɗaya daga ciki ita ce Bophuthatswana ta ƙabilar Tswana, wadda aka ba ta wannan 'yanci na jeka-na-yi-ka a watan Disamba 1977, Lucas Mangope yana shugabanta. Ƙasar ma ba a haɗe take ba, gutsattsari ne a warwatse, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta taɓa amincewa da ita ba. Amma tunda a takarda wata ƙasa ce daban, dokar hana caca ba ta aiki a cikinta.

Wannan ƙofa ce wani ɗan kasuwa mai suna Sol Kerzner ya hango. An haife shi a Johannesburg a 1935, ya karanci aikin akanta, sannan ya shiga harkar otal-otal. Ya shirya da gwamnatin Mangope, ya zaɓi wani daji kusa da garin Rustenburg, tafiyar kamar awa biyu a mota daga Johannesburg, ya buɗe Sun City ranar 7 ga Disamba 1979. Sai ga shi mutumin da ya hana caca a garinsu, ranar Juma'a da yamma ya tuƙo motarsa ya tsallaka iyakar da shi ya zana da hannunsa, ya yi cacarsa, ya kalli rawar tsiraici, ya zauna teburi ɗaya da baƙar fatar da a gida ko benci ba za su haɗa ba, ranar Lahadi ya koma gida da fuskar salihai.

Kerzner ya san cewa karta kaɗai ba za ta sa mutum ya yi wannan tafiya da iyalinsa ba, don haka ya kewaye ta da abubuwan kallo. A gefen wurin akwai tsaunukan Pilanesberg, bakin wani tsohon dutse mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa. Tun daga 1979 aka shiga kwaso namun daji ana zubawa a ciki, kusan 6,000, har da giwaye da karkanda, ya zama gandun daji, bayan an tashi mutanen da ke zaune a wurin. Aka yi filin wasan golf wanda shahararren ɗan wasa Gary Player ya tsara, inda a 1981 aka fara gasar da aka sa wa kyautar dala miliyan ɗaya. Aka yi katafaren zauren wasa, wanda a 1980 aka yi damben duniya a Sun City tsakanin Mike Weaver na Amurka da Gerrie Coetzee ɗan ƙasar, Weaver ya kai shi ƙasa a turmi na 13.

Sai dai fa duniya ba ta yi shiru ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi mawaƙa su ƙaurace wa Afirka ta Kudu, shi kuwa Kerzner sai ya riƙa zuba musu kuɗin da ke rufe baki. Frank Sinatra ya je a 1981, ƙungiyar Queen ta je a 1984, suka sha zagi. A 1985 wani makaɗi ɗan Amurka, Steven Van Zandt, ya tara mawaƙa kusan hamsin suka yi waƙa mai suna Sun City, suna rantsuwar ba za su taɓa wasa a can ba. Cikinsu akwai Bob Dylan da Miles Davis da Jimmy Cliff, har da namu na gida Nijeriya, Sonny Okosun.

Yanzu ga wurin da ya fi ɗaukar hankalina a matsayina na mai rubuta ƙagaggun labarai. Da Kerzner ya ga mulkin wariya ya kama hanyar rushewa, an saki Mandela a 1990, sai ya gane cewa kasuwar iyaka ta kusa tashi. Me ya yi? Sai ya sa aka ƙaga tarihi. Wai a zamanin da can wata al'umma ta taso daga arewacin Afirka, ta sauka a wannan kwari, ta sami zinariya, ta gina wa sarkinta fada, sai girgizar ƙasa ta rushe birnin, daji ya haɗiye shi, sai yanzu aka tono shi. Wallahi ko kalma ɗaya babu gaskiya a ciki, babu al'ummar, babu sarkin, babu girgizar. Amma a kan wannan tatsuniya aka kashe rand miliyan 830, aka buɗe The Palace of the Lost City, wato Fadar Ɓataccen Birni, a ƙarshen 1992.

Kai mai karatu, ƙarya ma idan ta sami mai kuɗi ado take yi. Otal ne mai ɗakuna sama da 330, da hasumiyoyi masu ƙawa da siffar hauren giwa. An sassaƙa duwatsu na siminti an tsattsaga su da gangan don su yi kama da kufai. An dasa itatuwa da tsirrai sama da miliyan ɗaya aka mayar da busasshen daji kurmi. Akwai gada mai jerin gumakan giwaye dama da hagu, wadda aka sa mata inji tana rawa da rugugi lokaci-lokaci, wai tunawa da waccan girgizar ƙasa. A farfajiya akwai mutum-mutumin tagulla na wani toron giwa mai suna Shawu, wanda shi kam ya taɓa rayuwa da gaske a gandun dajin Kruger. Sannan ga teku na ƙirƙira a wurin da ke nesa da teku da ɗaruruwan kilomita, da yashinsa, da injin da ke taso igiyar ruwa mai tsayin kusan mita biyu. A sabon filin golf ɗin wurin kuwa, har kadoji masu rai aka zuba a kududdufin rami na 13.

To ina ribar duk wannan? Tana kan teburi. Ɗauki faifan cacar nan mai juyawa da ake kira rulet. Gurbi 37 gare shi, daga sifili zuwa 36, amma idan ka ci lamba ɗaya, ninki 35 za a biya ka. Wannan ɗan giɓi shi ne abincin mai gida: a kan kowace naira 100 da aka zuba, idan aka daɗe ana yi, kimanin naira 2 da kwabo 70 nasa ne. Ba ya bukatar maguɗi irin na ɗan wala-wala, abin da yake bukata kawai ka daɗe a zaune. Giwa da teku da tatsuniya duk aikinsu ke nan, su hana ka tafiya gida da wuri.

Na yi alkawarin Kaduna. Sun City ta karɓi gasar sarauniyar kyau ta duniya daga 1992 zuwa 1995, sannan a Nuwamba 2001, kuma a wannan karo ne 'yar Nijeriya Agbani Darego ta lashe. Shekarar da ta biyo aka kawo gasar Abuja. Ana cikin ce-ce-ku-ce a kanta sai jaridar ThisDay ta buga wani rubutu da ya taɓa janibin Manzon Allah (SAW), rikici ya ɓarke a Kaduna a Nuwamba 2002, aka rasa rayuka sama da 200, aka kwashe gasar zuwa Landan. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye gaba.

Ita kuwa Bophuthatswana, a Maris 1994 jama'a suka tayar wa Mangope, a Afrilu ta koma cikin Afirka ta Kudu. Dokar 1996 ta halatta gidajen caca a ƙasar, aka buɗe su a bakin Johannesburg, babu sauran dalilin tafiyar awa biyu don karta. Abin da ya riƙe Sun City bayan nan shi ne tatsuniyar da gandun dajin da tarurruka. Kerzner ya maimaita dabarar da labarin wani birni da ruwa ya cinye, Atlantis, a tsibiran Bahamas, sannan a Dubai a 2008. Ya rasu a 2020.

Abin da ke damuna shi ne, mu nan Maska muna da tsohon gari na gaske, da masaƙa da marina da suka yi suna a ƙasar Hausa, da sarautar da har yau hakimin Funtuwa ke amsa sunanta, amma yaranmu ƙalilan ne za su iya ba ka labarinsu. Labarin da suka haddace shi ne na wani da ya sa naira ɗari a cacar ƙwallo ta waya ya ci miliyan. Gwamnatin Katsina ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, buhun ɗan wala-wala ya ja baya daga idon jama'a, sai ga shi ya dawo ta aljihun kowane yaro, kuma har yanzu da labari yake fara sallama. Mu da muke da alƙalami, ya kamata mu tambayi kanmu wa muka bar wa wannan fage.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.