Ciwon Suga da Gigin Tsufa a Ƙasar Gwarzo da Kabo

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, cimar talaka a ƙasar Gwarzo da Kabo gero ce da dawa. Mata su surfa, su daka, su niƙa a dutse. Maza su yini a gona da fartanya, ranar kasuwa su taka zuwa Getso ko su bi jaki. Tuwo da miyar kuka da dare, ɗumame da safe, fura da rana. Zaƙi sai na zuma, rake ko mazarƙwaila, shi ma ba kullum ba. Ciwon suga bai yawaita ba, wanda ya kamu kuma babu mai auna shi: sai a ga yana rama, yana yawan fitsari, kiyashi na taruwa inda ya tsuguna.

Kuɗi ne suka fara sauya tukunya. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa da auduga suka sa kuɗi a hannun manoma, kantuna suka kawo sukari da ganyen shayi. Masana'antar sukari ta Bacita ta fara aiki a shekarun 1960, arzikin fetur na shekarun 1970 ya zo da fulawa, shinkafar waje da lemon kwalba. Injin niƙa ya karɓi aikin dutse, babur ya karɓi na ƙafa. A bakin titin Kano zuwa Gwarzo, teburin mai shayi ya zama wurin karin kumallo: madara, sukari cokali bayan cokali, da biredi. Ƙiba kuwa an daɗe ana yi mata kallon alamar hutu, abin da ya jinkirta gane haɗarin.

Gigin tsufa tsohon abu ne a idon Bahaushe. Dattijon da ya manta sunan jikansa, ko ya maimaita sallar da ya riga ya yi, cewa ake yi shekaru ne, a yi haƙuri da shi. Likitoci ma sun daɗe ba su haɗa shi da suga ba. A 1936 likita Harold Himsworth ya bambance nau'in ciwon suga da jiki ke da sinadarin insulin amma ba ya jin sa, wato nau'i na 2, mai kama manya. Sai a 1999 binciken birnin Rotterdam ya nuna cewa haɗarin gigin tsufa ga masu wannan ciwo ya kusa ninki biyu. A 2001 Michael Brownlee ya bayyana yadda ɓarnar take: idan suga ya yi yawa a jini, ƙwayoyin jiki na ƙona shi fiye da kima, su fitar da wasu burbushin iskar oksijin masu cin jijiyoyi kamar yadda tsatsa ke cin garma. Ƙwaƙwalwa ta fi shan wahala, domin ita kaɗai ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin ɗin jiki, ƙananan hanyoyin jininta kuma ba sa jure ɓarna. Binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da Indianapolis ya samu gigin tsufa ya fi yawa a baƙaƙen Amurka na Indianapolis fiye da mutanen Ibadan; suga da hawan jini ma a can Amurkan suka fi yawa.

A yau ana auna suga a babban asibitin Gwarzo da shagunan magani, mai tsanani a tura shi Kano, asibitin Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988. Wasu na haɗa maganin asibiti da zogale, shuwaka da garafuni. Gyambon ƙafa ko raunin gani ne ke sa iyali su kai dattijo asibiti, ba mantuwa ba, alhali mantuwar na dagula jinyar kanta: ya sha magani sau biyu, ko ya sha bai ci abinci ba, suga ya faɗi ƙasa, musamman a watan azumi.